Kundi yana cikin rumbun jami'a amma ba a ganinsa a intanet: ina matsalar take, kuma da me ake gano ta?

Tun da gwamnatin tarayya ta sanar cewa daga 6 ga Oktoban 2025 ba za a tura wanda ya kammala digiri hidimar ƙasa ba sai ya nuna shaidar bin ƙa'idar NERD, wato rumbun ƙasa na adana ayyukan ilimi, maganar ɗora kundi a intanet ta shiga bakin ɗalibai da malamai. Da yawa sun ɗauka da zarar fayil ɗin PDF ya hau, shi ke nan duniya ta gani. Ma'aikatan laburaren jami'o'i kuwa sun daɗe suna shan tambaya guda daga malamai: aikina ya shekara uku a rumbun jami'a, me ya hana shi fitowa a Google Scholar, shafin neman ayyukan ilimi? Sau da yawa kundin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya lalace shi ne ɗan bayanin da aka rubuta a kansa ranar da aka ɗora shi, wanda masu wannan sana'a ke kira metadata.

Mene ne metadata?

Duk wanda ya taɓa aika saƙo a tashar mota ya san aikinta. Ana ɗaure buhu, a rubuta sunan mai karɓa da garinsa da lambar wayarsa a jiki. Direba ba ya kwance buhun, rubutun yake bi. In an yi kuskuren lamba ɗaya, kayan suna nan lafiya amma za su yi ta kwana a tasha. Metadata ita ce wannan rubutu na jikin buhu: taken aiki, sunan marubuci, shekara, harshe, irin aikin, taƙaitaccen bayani, da adireshin da za a same shi.

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne Dublin Core, mai gurabe 15, wanda ya samo suna daga wani taro da aka yi a 1995 a garin Dublin na jihar Ohio a Amurka. A kansa aka gina DSpace, manhajar da jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002, wadda yawancin rumbunan jami'o'in Najeriya ke amfani da ita, ciki har da Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello. Wasu, kamar Jami'ar Covenant, sun zaɓi EPrints ta Jami'ar Southampton a Ingila. A DSpace kowane gurbi yana da suna: dc.title na take, dc.contributor.author na marubuci, dc.date.issued na ranar fitar aiki, dc.language.iso na harshe.

Ƙofofi biyu da ake shigowa rumbu

Mafi yawan masu karanta waɗannan gurabe na'urori ne, kuma ta hanya biyu suke zuwa. Rashin bambance hanyoyin nan ne ke sa a gyara wuri ɗaya a zauna jiran sakamako a wani wurin.

Ƙofa ta farko ita ce OAI-PMH, yarjejeniyar kwasar bayanai da aka fitar da zubinta na biyu a 2002. Umarni shida kacal gare ta. Ta nan manyan matattara irin su BASE ta Jami'ar Bielefeld a Jamus, da CORE ta Birtaniya, da OpenAIRE ta Turai suke ɗebo bayanai. Kowa na iya leƙa wannan ƙofa. A DSpace 7 zuwa sama, ka rubuta adireshin rumbun, ka ƙara /server/oai/request?verb=Identify a ƙarshe. In ka canja umarnin zuwa verb=ListRecords&metadataPrefix=oai_dc, za ka ga bayanan tsirara, yadda na'urar waje ke ganinsu, yawanci ɗari-ɗari a kowane shafi.

Google Scholar ba ta nan yake bi ba. Shi shafin kowane aiki yake ziyarta, ya karanta wasu alamomi da ke ɓoye a saman lambobin shafin, irin su citation_title da citation_author da citation_publication_date da citation_pdf_url. Ukun farko dole ne. A ƙa'idojinsa ya faɗi cewa alamomin Dublin Core zaɓin ƙarshe ne, domin ba su da gurabe na musamman na sunan mujalla da juzu'i da lambar shafi. Yana kuma son fayil ɗin kada ya wuce megabait 5, kuma ya zama rubutu ne da za a iya bincikawa, ba hoton takarda ba. Tun a 2012 Kenning Arlitsch da Patrick O'Brien na Jami'ar Utah suka nuna cewa rumbunan jami'o'i da dama ba sa fitowa sosai a Scholar, kuma tsarin metadata na cikin manyan dalilai. Ke nan ba ciwon Afirka ba ne kaɗai.

Inda ɓarnar ta fi yawa

Kuskuren da ya fi kowanne ciwo shi ne na adireshi. DSpace na zuwa da lambar gwaji 123456789 a matsayin lambar Handle (tsarin da ke ba kowane aiki adireshi mai ɗorewa), wadda ya kamata cibiya ta maye gurbinta da tata bayan ta yi rajista. In ba a yi ba, kowane aiki zai fita da adireshin hdl.handle.net/123456789/ da wata lamba, adireshin da ba ya kai kowa ga aikin. Mafi muni shi ne inda aka ɗora ayyuka tun manhajar tana kan kwamfutar gwaji, sai gurbin dc.identifier.uri ya ɗauki localhost:8080, wanda ma'anarsa ita ce "wannan kwamfutar da kake kai". Mai bincike a Legas ko Alƙahira ya ga taken kundi a BASE, ya danna, bai ga komai ba. A cikin jami'ar kuwa ba wanda zai lura, tunda su ta shafin gida suke shiga.

Sai kwanan wata. DSpace na rubuta ranar da aka shigar da aiki da kanta a dc.date.accessioned. Mai shigarwa da ke gaggawa yakan sa wannan ranar a gurbin dc.date.issued ma, sai kundin 1998 ya koma na 2023. In aikin maƙala ce da ta riga ta fito a mujalla, Scholar zai ga shekaru biyu sun saɓa, kuma in irin haka ya yi yawa yakan daina yarda da bayanan rumbun. Akwai kuma rubutu irin 03/04/2019, wanda mu za mu karanta 3 ga Afrilu, Ba'amurke ya karanta 4 ga Maris. Ƙa'idar ISO 8601 ta raba gardama: shekara, wata, rana, wato 2019-04-03, ko 2019 kawai in ba a san sauran ba.

Sunaye kuwa sai wanda ya gani. Malami ɗaya yakan bayyana a rumbu guda da Muhammad, da Mohammed, da Muhammed, da Moh'd, wani wuri sunan mahaifi a gaba, wani wuri sunan gari, wani wuri an manna masa Dr. ko Prof. ko Alh. a cikin gurbin. Na'ura za ta ƙirga mutum biyar, ayyukansa su watse. Akan kuma cusa marubuta huɗu a gurbi ɗaya, ko a sa sunan malamin da ya duba kundi a gurbin marubuci alhali yana da nasa gurbin, dc.contributor.advisor.

Ga mu masu rubutun Hausa akwai ƙarin kaya. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowanne bait biyu ne (bait shi ne ma'aunin da kwamfuta ke adana rubutu da shi) a tsarin adana haruffa na UTF-8. In aka buɗe fayil ɗin CSV, wato jadawalin bayanan rumbu, a Excel da danna sau biyu, manhajar takan karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252, sai ta ɗauki kowane bait a matsayin harafi mai zaman kansa. Kalmar ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki. In aka adana fayil ɗin haka aka mayar rumbu, an lalata dubban takuna a tashi ɗaya. Masu gudun wannan sukan cire lanƙwasar gaba ɗaya, sai baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, wanda ya nemi kalmar da rubutunta na daidai ya tashi hannu rabbana. Ƙari a kan haka, a Nijar ana rubuta ƴ inda a Najeriya ake rubuta 'y, kuma alamar hamza ta cikin jami'a ko Sa'idu tana da siffofi aƙalla uku a kwamfuta waɗanda ido ba ya rarrabewa sosai amma na'ura na ɗaukarsu daban.

Gurbin harshe shi ma yakan zo da Ingilishi a zaɓe tun asali, sai a bar shi haka. Kundin da aka rubuta da Hausa daga bango zuwa bango ya fita duniya da lambar en maimakon ha ko hau. Duk mai tace sakamakon bincikensa da harshen Hausa ba zai taɓa cin karo da shi ba. Wannan asara ce da ta wuce ta marubuci ɗaya, domin tana rage yawan rubutun ilimi na Hausa da duniya ta san da shi.

Manhajojin da ke duba ƙofa

Rukunin farko su ne masu gwada rumbu daga waje. OVAL ta BASE kyauta ce: ka ba ta adireshin OAI, ta duba ko umarnan suna amsawa, ko XML ɗin, wato tsarin da bayanan ke fitowa a ciki, ba shi da karaya, ko kwanan wata da lambobin harshe sun bi ƙa'ida, ko shafi na biyu na biyo na farko. Mai tantancewar OpenAIRE ya fi tsauri. Yana auna bayanai da ƙa'idojin OpenAIRE, waɗanda zubinsu na 4 ya raba gurabe gida huɗu: na dole, na dole in ya shafi aikin, wanda ake so, da na ganin dama. Yana kuma neman a ɗauko irin aiki da matsayin izinin karatu daga jerin kalmomin COAR, ƙungiyar rumbunan ilimi ta duniya, inda izini kashi huɗu ne kawai: buɗaɗɗe, mai jiran wa'adi, taƙaitacce, da wanda bayaninsa kaɗai ake gani. Rahotonsa na nuna kashi nawa cikin ɗari na ayyukan suka tsallake kowace doka, da misalan waɗanda suka faɗi. Rumbun da ya yi rajista da CORE shi ma yana samun allo mai nuna yaushe aka kwashi bayanansa da abin da ya ƙi kwasuwa.

Ga ƙofar Scholar, hanya mafi sauƙi ita ce ta hannu. Buɗe shafin aiki ɗaya, danna Ctrl da U, nemi citation_. In ba ka ga komai ba a DSpace 7, da alama ba a kunna tsarin da ke sa sabar, wato kwamfutar da rumbun ke kai, ta haɗa shafi kafin ta aika ba, don haka na'urar Scholar fanko take gani. Wannan gyaran na sashen kwamfuta ne, ba na laburare ba.

Manhajojin da ke gyara rubutun jikin buhu

A nan ainihin aikin yake. DSpace na ba da damar fitar da bayanan kowane sashe a fayil ɗin CSV ta umarnin metadata-export, inda alamar || ke raba sunaye biyu a gurbi ɗaya. Kada a buɗe shi a Excel kai tsaye. Ban da lalata haruffa, Excel na mayar da 2019-04 zuwa Apr-19, ya mayar da lambar littafi ta ISBN mai alƙaluma 13 zuwa 9.78E+12.

Manhajar OpenRefine ce ta dace. Kyauta ce, a kan kwamfutarka take aiki ko babu intanet, kuma tana riƙe tarihin kowane canji yadda za a iya komawa baya. A shigar da fayil a zaɓi UTF-8. A kan ginshiƙin irin aiki a buɗe tacewar rubutu: nan take za a ga Thesis sau kaza, thesis sau kaza, Theses, M.Sc, da waɗanda aka bari fanko. A kan ginshiƙin marubuta a fara raba sunaye ta alamar ||, sannan a kunna tara makusanta, wato haɗa sunayen da suka yi kama da juna. Hanyar farko, fingerprint, tana mayar da haruffa ƙanana, ta cire alamomin rubutu, ta jera kalmomi bisa abacada, don haka tana kama sunan da aka juya gaba da baya. Ba za ta kama Muhammad da Mohammed ba. Wannan sai metaphone3 mai bin sauti, ko levenshtein mai ƙirga yawan haruffan da suka bambanta. Kada kuma a dogara cewa za ta haɗa Ɗanjuma da Danjuma, domin a tsarin Unicode harafin ɗ ba d ba ne da aka ɗora wa alama, harafi ne mai cin gashin kansa. Dabarar ita ce a ƙirƙiri ginshiƙin wucin gadi da aka maye ɗ da d, ƙ da k, ɓ da b, a tara makusanta a can, a yi gyaran a ginshiƙin asali.

Abin da nake ganin ya fi muhimmanci a wannan mataki shi ne haƙuri. Manhajar shawara kawai take bayarwa. A jami'ar Arewa samun malamai uku masu suna ɗaya da sunan mahaifi ɗaya ba abin mamaki ba ne, kuma haɗe su wuri guda ya fi barinsu a warwatse muni, domin an ba wani aikin wani. Kafin a haɗe, a duba sashe da shekara da fannin aikin.

Akwai kuma wata ƙaramar manhaja mai suna csv-metadata-quality da Alan Orth ya rubuta a cibiyar binciken dabbobi ta ILRI a Nairobi, domin rumbun CGSpace, inda cibiyar IITA mai hedikwata a Ibadan da reshe a Kano ita ma ke ajiye ayyukanta. Da Python aka rubuta ta. Tana bin fayil layi-layi ta duba kwanan wata, da lambobin harshe, da lambar mujalla ta ISSN da ISBN, ta kama sararin da ya yi yawa, da alamar rabawa da aka rubuta ba daidai ba, da maimaici, da haruffan da suka rikice irin Æ™. Tana iya gane ISSN na bogi ne domin alƙalamin ƙarshe na lambar sakamakon lissafin bakwai ɗin farko ne. Haka ORCID, lambar shaidar mai bincike mai alƙaluma 16 da aka fara bayarwa a 2012: in an yi kuskuren bugu, lissafin ba zai fita ba.

Bayan gyara a mayar da fayil ta metadata-import, a karanta jerin canje-canjen da zai nuna kafin a amince. A fara da ayyuka ashirin, kada a fara da dubu biyar. A ajiye kwafin ma'ajiyar bayanai tukuna. Daga nan a sake gina bayanan OAI da umarnin oai import -c, in ba haka ba masu kwasa za su ci gaba da ganin tsohon kuskure.

Makin FAIR da ruɗin da ke tattare da shi

A 2016 aka wallafa ƙa'idojin FAIR, masu cewa bayanan bincike su zama ana iya gano su, a kai gare su, a haɗa su da wasu, a sake amfani da su. Daga nan aka samu manhajoji masu ba da maki, irin su F-UJI da FAIR-Checker. Ka ba F-UJI lambar DOI, wato lambar shaidar aiki a intanet, ko adireshi, ta duba ko akwai lambar shaida mai ɗorewa, ko an bayyana lasisi yadda na'ura za ta karanta, sannan ta ba da kashi cikin ɗari. An gina ta ne domin tarin alƙaluman bincike, don haka kundin digiri marar DOI zai sami maki kaɗan ko da bayanansa tsaf suke. Manhajoji biyu ma sukan ba abu ɗaya maki daban. Wanda ya ɗauki wannan maki ya kai gaban majalisar jami'a a matsayin hukunci ya ɗora wa manhajar nauyin da ba nata ba.

Abin da manhaja ba ta gani

A 2004 Thomas Bruce da Diane Hillmann sun zayyana ma'aunai bakwai na ingancin metadata, ciki har da cika, da daidaito da gaskiya, da jituwa, da sanin asali. Manhaja ta ƙware a auna cika da bin ƙa'ida. Gaskiya kuwa ta fi ƙarfinta. Kwanan wata 2023-05-14 zai tsallake kowace jarabawa ko da a 1998 aka rubuta kundin. Gurbin taƙaitaccen bayani da aka cika da "Nil" za a ƙirga shi cikakke. Kundin da aka manna wa PDF na wani ɗalibi zai sami maki ɗari. Maganin wannan shi ne a riƙa zaɓo ayyuka hamsin ko ɗari ba tare da tsari ba, ma'aikaci ya buɗe kowane fayil ya kwatanta shafin farko da abin da ke gurabe.

Inda ra'ayi ya rabu

Shugabannin jami'a sukan matsa a kan yawa, domin jerin Webometrics na matsayin jami'o'i, da wata cibiya a Sifen ta ƙirƙiro, ya sa kowa na ƙirga abin da ya ɗora a intanet. Hujjarsu ita ce kundin da ke intanet da bayani mai rauni ya fi wanda gara ke ci a sito. Ma'aikatan laburare na cewa gyara daga baya ya fi tsada, kuma aikin da na'ura ba ta gani ba bai ƙara wa jami'a komai ba ko a jerin da ake nema. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma ni ina ganin an bar wurin da ya fi arha. Mafi yawan kurakuran nan daga fom ɗin shigarwa suke tsirowa. A DSpace 7 fayil ɗin submission-forms.xml na ba da damar mayar da gurbi na dole, a sa jerin zaɓi maimakon rubutun hannu a gurbin harshe da irin aiki da sashe, a kuma sa dokar da za ta ƙi karɓar lambar da ba ta bi tsari ba. Aikin yini ɗaya ne ko biyu ga wanda ya sani, kuma yana toshe kuskuren shekaru. Yanzu da dubban ɗalibai za su riƙa cike irin waɗannan gurabe, da yawansu ta hannun mai shagon kwamfuta a bakin ƙofar makaranta, nauyin da ke kan fom ya ninka.

Abin da ya shafi ɗalibi da malami

Ga malami, ayyukan da suka watse ƙarƙashin sunaye biyar na nufin ambaton da aka yi masa ba zai taru wuri ɗaya ba, kuma da wannan ake auna mutum wajen neman tallafin bincike ko haɗin gwiwa da waje. Ga ɗalibi, kundin da ba a gani ba yana sa wani ya maimaita binciken da aka riga aka yi, ko ya kwafe shi ba wanda ya lura.

Abin da ke hannun marubuci ba shi da yawa amma yana da tasiri. Ya tsayar da rubutun suna guda ya riƙe shi a ko'ina, ba tare da muƙami ba. Ya buɗe ORCID, kyauta ne. Ya tabbata taken da ke fom shi ne na bangon kundi harafi da harafi, da lanƙwasarsa. In da Hausa ya yi rubutu, ya zaɓi Hausa a gurbin harshe, ya ƙara fassarar take a gurbin dc.title.alternative. Ya fitar da PDF kai tsaye daga manhajar rubutu, kada ya buga a takarda ya ɗauki hotonta. Bayan an ɗora, ya buɗe shafin daga wayarsa a wajen makaranta ya danna adireshin Handle ya ga ko yana kai shi. In ya sami kuskure ya sanar da laburare da wuri, domin Scholar na ɗaukar sabon aiki cikin ɗan lokaci, amma gyaran wanda ya riga ya shiga yakan ɗauki wata shida zuwa tara kafin ya bayyana.